Na Kai Kare Atlanta, Na Dawo da Raƙumi

Ni ne da laifi. Na faɗa tun daga farko don kada wani ya wahalar da kansa yana nemo mini shi a tsakiyar labari. Amma ku 'yan zauren nan na intanet da kuka ga hoton kuke ta aiko da dariya, ku sani laifin da nake nufi ba shi ne wanda kuke nufi ba. Ku a wurinku laifina shi ne ina aske karnuka. Wannan kuwa sana'ata ce, da ita nake biyan haya, da ita nake aika wa tsohuwata abin cefane a Maraɗi, kuma gobe da safe in Allah ya kai mu a bakin aikin za ku same ni. Laifina daban ne. A tafiyar nan ta Atlanta na cika shi, ga kuma yadda aka yi.

Asubar Asabar muka tashi, muna idar da salla. Mu biyu ne, ni da abokina, mutumin Damagaram, direban tasi ne a nan Greensboro. Motarsa ta gida ya ɗauko, ƙaramar bas mai ƙofar da ake ja gefe, domin tawa in ta kai Charlotte sai dai a jawo ta. Tun daren da ya gabata ya cire kujerun baya, ya shimfiɗa tamfol, ya ƙara leda a kan tamfol ɗin, ya rufe kujerun gaba da tsohon zanen gado. Wanda ya leƙa sai ya ce siminti za mu ɗauko. Mutumin nan tun da yake bai taɓa sa hannu a jikin kare ba, kuma ya gaya mini ba a wannan tafiya zai fara ba. Don zumunci kawai ya yarda, da kuma sharaɗin ni zan zuba esansi, wato man mota, zuwa da dawowa.

High Point Road shiru a wannan lokaci, sai fitilun wuraren sayar da motoci da tutocinsu na leda suna kaɗawa. Muka gangara unguwar Sedgefield ɗauko na ukunmu.

Sai na tsaya na gabatar da shi. Fudul ne, irin karen nan mai nannaɗaɗɗen gashi kamar na tunkiya, amma babba, tsayinsa ya kai ƙuguna. Fari ne mai ɗan sirkin ruwan madara. Yana da sunansa na Turanci, ni dai Dattijo nake ce masa, saboda yadda yake tafiya: kai a sama, ba gaggawa, ba ya haushi sai da dalili. In ya shigo shagonmu da kansa yake hawa tebur, ya miƙo ƙafa kafin a tambaya. Mai shi wata tsohuwa ce, baƙar fatar nan ƙasar, malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Mama nake kiran ta. Idonta ya kusa tafiya gaba ɗaya, inuwa kawai take gani, don haka da hannu ta san karenta. Duk ranar da na aske shi, sai ta shafa shi daga hanci har wutsiya kafin ta ce mini aiki ya yi.

Ta fito baranda da rigar sanyi ko da yake ana zafi, ta miƙo mini igiyarsa da buhun abincinsa da wani tsohon bargo da yake kwana a kai. Na riga na gaya mata gasar masu aski za ni, kuma ina son in nuna Dattijo. Wannan gaskiya ne. Abin da ban gaya mata ba shi ne gasar kashi-kashi ce, kuma ba kashin askin mutunci na shiga ba.

Ta ce, "Ɗan nan, ka kai shi a ga kyansa. Amma ban yarda a mayar mini da shi abin wasa ba."

Na ce, "Haba Mama, ni ne fa."

Da wannan "ni ne fa" ɗin muka hau hanya.

Babbar hanyar 85 muka bi, kudu sosai. Wanda bai taɓa bin ta ba, hanya ce mai faɗi, itatuwa dama da hagu har ka gaji da kore. Wajen Lexington iska ta fara kawo ƙamshin gashi, abokina ya ce in riƙe yawuna, alade ne duk garin suke gasawa. Muka ɗaga gilashi. Muka haye kogin Yadkin, ruwansa ja kamar na gulbin Maraɗi da damina. Akwai wata ciyawa mai yaɗo da ta hau bishiyoyi da turakun wuta ta lulluɓe su ɗungurungum, har da wani tsohon gida na gani ta cinye, sai bututun hayaƙi kawai ya rage. Na ce da a ce awakinmu za su samu biza, wata guda sun gama da ita.

Dattijo na zaune a baya a kan bargonsa, yana kallon hanya ta tsakaninmu kamar shi ya biya kuɗin mota. Abokina yana ta duba madubi. Can ya ce, "Wanzam, wai me ya sa gashin bayansa ya yi tudu haka? Ciwo ne?" Na ce ba ciwo ba ne, zai gani.

A nan ya kamata ku san yadda na zama abin da na zama. Mu gidan wanzamai ne. Kakana wanzami, ubana wanzami, ni ma tun ban kai in riƙe garma ba nake riƙe da aska. Boko kuwa firamare na gama na tsaya. Da na zo ƙasar nan kamfanin kujeru na shiga a High Point, ina goge katako, har ranar da suka tara mu suka ce an rufe. Na zauna ba aiki har abin ya fara ba ni tsoro. Sai na samu shara a wani shagon askin karnuka. Wata rana madam mai shagon ta ga yadda na ɗauki almakashi don in goge shi, ta tsaya ta dube ni, ta ce in gwada a kan wani ɗan kwikwiyo. Tun daga ranar ban sake riƙe tsintsiya ba.

Kafin mutanenmu su ji, duk sunan da za a yi a Greensboro ni ake kira askin jariri. Zabirar ubana tana nan wurina, da ita nake zuwa. Da labari ya fita, sai waya ta daina ƙara. Ba wanda ya zo ya ce mini komai. Sai dai in ji an yi suna gidan wane, wani ɗan tasi ne ya yi askin da rezar kanti. A wurin walima in na sa hannu a tire, sai in ga na kusa da ni ya tuna yana da waya da zai amsa. Suna kuma ya bi ni: Wanzamin Karnuka. Ina wanka, ina sauya kaya kafin in yi salla, kayan aikin shago daban, zabira daban, ba su taɓa haɗuwa ba. Duk wannan bai sa an sake kira na ba.

To, da na ga tallar gasar nan a wata mujallar da ke zuwa shago, na ga akwai kashin da ake rina kare a sassaƙa gashinsa ya koma wata dabba, sai wani tunani ya shige ni. Na ce mutanenmu sun raina kare, amma ba wanda ya raina raƙumi. In na mayar da kare raƙumi, na ci kyauta a gaban Turawa, na aiko da hoto, wa zai sake ce mini Wanzamin Karnuka? Tun farkon bazara na fara barin gashin gadon bayan Dattijo yana taruwa. Mama ta shafa ta tambaya, na ce na gasa ne, alƙalai suna son gashi mai yawa. Duk zafin da aka yi na Yuli, da wannan tulin a bayansa ya sha shi. In ya zo wanka kuma, ina ɓoye cuku a aljihu ina koya masa gurfana irin ta raƙumi, ƙafafun gaba tukuna, sannan na baya.

Charlotte muka tarar da cunkoso ko da yake Asabar ce, ana gyaran hanya. Muna shiga South Carolina abu biyu suka tare mu: shagunan sayar da abin wasan wuta manya kamar sito, da kuma arhar mai. A Greensboro galan ya kusa dala uku, a nan ya sauka da abin da ya isa mutum ya yi murmushi. Muka cika tanki. A gidan abinci na gefen hanya na ci ƙwai da wani tsakin masara da suke damawa da man shanu, kamar fate ne da aka manta ba a sa ganye ba. Mai kawo abincin, wata mata mai fara'a, ta kira ni zuma, ta kira abokina sukari, duk a cikin numfashi ɗaya. Abokina ya sunkuyar da kai yana istigfari. Shayinsu da ƙanƙara yake zuwa, sukarin cikinsa kuwa ko mai shayin tasha zai ce an yi ɓarna.

Wajen Gaffney akwai wani tankin ruwa da suka gina sama, suka yi masa siffar ɗan itacen da suke nomawa a yankin, ja da rawaya, da tsaga a tsakiya. Abokina ya hango shi daga nesa ya ce, "A'uzu billahi! Wa ya tuɓe ya juya wa hanya baya haka?" Muka yi dariya har Dattijo ya miƙe ya duba ko lafiya. Gaba kaɗan muka sayi dafaffiyar gyaɗa wurin wani tsoho mai tukunya a bayan akori-kura. Wallahi irin ta gida ce, sai dai gishirin ya yi yawa kuma sun dafa ta har ta yi laushi kamar wake. Muka haye wani babban tafki cike da jiragen ruwan masu hutu, sai ga allo yana mana maraba da zuwa Georgia.

Atlanta ba garin da baƙo zai yi tuƙi yana hira ba ne. Layi shida, layi bakwai, kowa yana gudu kamar an biyo shi. Abokina da yake taƙama da tasi sai da ya kashe rediyo. Muka sauka a wani ƙaramin otal kusa da filin jirgi, inda suke karɓar karnuka in ka ƙara kuɗi. Bayan azahar na shigar da Dattijo banɗaki na fara aiki.

Na rina shi ruwan ƙasa, kalar raƙumin Azbin. Rinin ba mai cutarwa ba ne, wannan kam na tabbatar, amma sai an shafa, a jira, a wanke, a busar, a sake. Na aske wuyansa ya yi siriri. Na aske ƙafafu na bar gammo a gwiwoyi. Tukkun kansa, wanda Mama take so ta dafa in suna zaune, na rage shi ya kwanta. Wutsiya na sauke ta tas na bar ɗan tuntu a ƙarshe. Sannan na tattara gashin baya na tayar da shi da feshi mai ƙamshin fenti, na yi ta sassaƙa har tozo ya fito. Ba zan yi muku ƙarya ba, aikin ya yi kyau. Hannuna bai taɓa yin abin da ya kai wannan ba. Dattijo ya tsaya mini tun rana na sama har ta yi sanyi, yana haki, yana miƙo ƙafa kafin in tambaya, kamar kullum. Da na buɗe ƙofa abokina ya ɗago daga kan gado ya dube shi, bai yi dariya ba, bai yaba ba. Ya ce zai je neman abinci.

Washegari da hantsi muka shiga zauren gasar. Wuri ne babba, sanyin na'ura kamar cikin firji, ƙarar injin busar da gashi ta ko'ina. Ɓangare ɗaya masu askin gargajiya ne, fudul farare da baƙaƙe tsaye a kan tebura, an bar musu gashi a ƙirji da gaɓoɓi. Madam ta taɓa gaya mini asalin wannan aski na farauta ne, karnukan ruwa ne, ana sauke musu nauyi a bar abin da zai tare musu sanyi. Ko ba komai aski ne mai dalili. Nan ya kamata in tsaya. Na wuce.

Ɓangarenmu kuwa kasuwar aljanu ce. Ga kare an mayar da shi jakin dawa. Ga wani kore shar da furanni a gadon baya. Ga wani an yi masa kifi a kowane gefe, mai shi ta sa kayan masunta. Ni ma na shiga banɗaki na fito da babbar riga da rawani irin na Abzinawa, na rufe baki da hanci. Ni da ban taɓa hawa raƙumi ba, wanda ma ya taɓa kusanto ni a kasuwar Maraɗi guduwa na yi. Na ɗora wa Dattijo ɗan sirdin da na ɗinka da kwali da jan yadi, na rataya masa geza kore da fari da ruwan lemo, na sa masa akala.

Da aka kira lambata, aka sa kiɗan gida da na ba su a faifai, muka fito. Wurin ya ɗauka gaba ɗaya. Ihu, tafi, fito, mutane suna miƙewa, fitilun kyamara kamar walƙiya. Wata mata a layin gaba ta yi dariya har tana share hawaye. Ni kuwa a cikin rawani kaina ya yi girma. Na ce yau ga ranar.

Sai na ja akala don ya gurfana. Ya ƙi.

Na dube shi. Karen da ban taɓa ganin kansa a ƙasa ba ya sauke shi har haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji. Wutsiyar da na aske ta shige tsakanin ƙafafu. Ba ya kallon mutane, ba ya kallona, wani lungu yake kallo inda aka tara kujeru. Na nuna masa cuku, bai ko shinshina ba. Alƙalai suna jira, kiɗa yana tafiya. Na sa hannu a kafaɗarsa na danna. Ya tirje. Na ƙara ƙarfi, na fizgi akalar, ƙafafun gaba suka lanƙwashe, ya gurfana. Zauren ya sake fashewa.

A tafin hannuna ina jin jikinsa yana rawa, irin rawar da ba a gani sai an taɓa. Na ji ta sarai. Na sauke rawani daga bakina na yi wa kyamara murmushi. Hoton da kuka gani ke nan. Ku sake buɗe shi ku dubi hannuna na hagu inda yake.

Na zo na biyu. Aka ba ni jan ƙyalle mai rubutun zinariya da ɗan kofi. Kafin mu bar otal na zauna a kwamfutar da ke wurin karɓar baƙi na aiko muku da hoton da hannuna, ba wanda ya sace shi. Har na rubuta a ƙasa wai a gaishe da masu cewa kare nake askewa.

Da azahar muka kamo hanyar gida. Na cire masa sirdi da geza, amma rini da tozo suna nan. Bai zauna yana kallon hanya ba. Ya kwanta ya juya mana baya, ya cusa hanci a kusurwa. Na zuba ruwa, bai sha ba. Abincinsa tun na safe yana nan. Ni ina ta zuba, ina ba abokina labarin abin da alƙaliya ta ce game da gwiwoyin, shi kuwa tuƙi kawai yake yi.

Bayan mun wuce Greenville muka tsaya a wurin hutun matafiya don Dattijo ya zaga. Lahadi ce, wurin cike da iyalai. Ina jan ƙofa wasu yara suka hango shi, suka sheƙo da gudu suna ihu suna kiran iyayensu su zo su ga raƙumi. Nan da nan aka kewaye motar, har wani ya ɗaga ɗansa yana tambaya ko za a ɗora shi a ɗauki hoto. Dattijo ya ja da baya har ya manne da bangon mota. Na ja igiya, ya ƙi. Tun safe bai yi fitsari ba, na san a matse yake, amma ya gwammace ya riƙe.

Sai abokina ya zagayo. Ya ce wa mutanen, da Turancinsa na tasi, wasa ya ƙare, a ba mu wuri. Ya hau motar ya mayar da ita can ƙarshen fili wajen manyan motoci, inda ba kowa. Ya buɗe jakarsa ya ciro bargonsa, nasa na kansa da yake lulluɓa da shi, ya hau bayan motar ya rufa wa karen nan daga wuya har wutsiya. Da hannunsa ya gyara shi, ya soke bakin a ƙarƙashin igiyar wuya. Ya ce da shi da Hausa, "Taso, bawan Allah, ba mai ganinka." Dattijo ya taso. Ya sauko a hankali, suka tafi bayan bishiyoyi su biyu, ni ina tsaye riƙe da kwanon ruwa.

Da suka dawo ya je famfo ya wanke hannu har gwiwa, ya zo ya tsaya gabana.

"Wanzam, ni ba na taɓa kare, ka sani. Amma ban taɓa tara wa kare jama'a su yi masa dariya ba."

Na ce ai dabba ce, ba ta san dariya ba.

"To me ya hana shi fitowa?"

Ya ce, "Babanka in mutum ya ba shi kai, yana yi masa askin da za a bi shi da ihu a kasuwa?"

Ubana ko mahaukaci aka kawo masa, sai ya juya shi ya fuskanci bango, don kada masu wucewa su ga kansa rabi a aske. Ban gaya wa abokina wannan ba. Na shiga mota na zauna. Tankin Gaffney ma muka wuce shi ba wanda ya ɗaga kai.

Rana ta yi ƙasa muka shiga Sedgefield, masu wasan golf suna tattara kayansu. Na so in ce a wuce shago in sauke tozon tukuna, in zo mata da wani labari. Abokina bai ko rage gudu a mahaɗar ba, kai tsaye ya kai ni ƙofarta.

Mama tana baranda da kayan coci ba ta cire ba. Ta ji ƙarar ƙofa ta kira sunansa. Da can in ta kira, kafin ta rufe baki ya isa. Yau sai ya tafi a raɓe, yana bin gefen shuke-shuke. Ta miƙa hannu inda tukkunsa yake, ta samu wayam. Hannun ya tsaya. Ya gangara wuya, ya hau kan tozon da ya ƙage da feshi, ya zagaya shi, ya sauka har wutsiya. Ta kai yatsunta hanci ta shinshina.

"Mene ne wannan a bayansa?"

Na gaya mata duka, har da cukun, har da dannawar.

"Sun yi dariya?"

Na ce sun yi.

"Kai fa?"

Ta ce in ɗauko kayan aikina in sauke wannan abu yanzu, a nan gabanta.

Na jona inji a soket ɗin baranda na fara. Tozon ya faɗo guda, kamar an cire hula. A ƙarƙashinsa gashin ya daɗe da cuɗewa ya kama fata, iska ba ta shiga. Da na kai ƙasa sai ga gyambo, ja, yana ruwa, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro. Ba na jiya ba ne. Ya yi makonni yana ɗauke da shi, kuma ni da nake wanke shi ban duba ba, don kada in ɓata tozona. Na kama hannun Mama na kai kusa da wurin, na gaya mata abin da ke nan. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce 'yar ƙanwarta za ta kai shi likita da safe. Ta ce daga yau kuma wani shagon za a riƙa kai shi, kuma da bakinta za ta gaya wa madam dalili. Ta gaya mata. Madam ba ta kore ni ba, amma ta mayar da ni wanka da yankan farce, ta ce almakashi sai ranar da ta ga dama. Ban yi gardama ba, daidai ne.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na yi shekaru ina cewa ba na jin kunyar sana'ata, ashe ina ji, har na ɗauki kunyar na ɗora a bayan dabbar da ba ta da bakin cewa a'a. Allah ya yi shi kare, kuma a karensa ya fi mutane da yawa natsuwa. Aikina in wanke shi, in sauke masa nauyi, in fito masa da idonsa ya gani, in mayar da shi gida da kamanninsa. Masu rina karnuka su ji da nasu, wataƙila akwai karen da yake so, ni dai na ga wanda ba ya so. Ku kuma da kuka rubuto cewa yanzu na yi hankali tun da na koma kiwon raƙuma, ku riƙe yabonku. Ku ci gaba da ce mini Wanzamin Karnuka, zan amsa. Kada ku kira ni askin suna, Allah ya raya jariran. Ba ku nake bai wa haƙuri ba, kuma in abin da zan faɗa yanzu ya ba ku dariya, ku yi ta yi.

Da na gama tattara gashin a leda, na cire hula na ce, "Mama, na yi miki ƙarya, na ci amanarki. Ki yafe mini."

Ta ce, "Na ji, ɗan nan. Amma ba ni aka danna ƙasa a gaban mutane ba."

Dattijo yana kwance a bayan kujerarta, a aske tas, sauran rini a kunnuwa. Abokina yana tsaye a bakin mota yana kallo, maƙwabcinta ma ya tsaya da tiyon ban ruwa a hannu. Na zagaya na durƙusa a kan katakon barandar, gwiwa biyu, daidai fuskarsa. Ban miƙa hannu ba. Da Hausa na yi masa, domin da ita nake magana in da gaske nake.

"Dattijo, ka ba ni kanka, na wulaƙanta ka. Ka ce ba ka so, na danne ka. Ba ka yi mini komai ba sai alheri. Ni ne da laifi. Don Allah ka yi haƙuri."